Mushe Mani da Damina Biyu

A Dumega ba wanda zai ce ya taɓa ganin Mani zaune wuri ɗaya har inuwa ta juya. Ko fura aka miƙa masa a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya ta riga ta fuskanci ƙofa. Mutanen gari sun ce lakwal ce ta ɓata shi, wato makarantar Faransawa. Uwarsa kuwa ta ce a daina ɗora wa lakwal laifi, tun yana goye yake harbin bayanta. Maganar uwar ta fi kama da gaskiya, don an kai yara da yawa lakwal sun dawo suna zama lafiya lau.

Yana da shekara tara kumandan, Baturen mulki, ya aiko a ba da yaran lakwal daga kowane gari. Gidaje suka shiga ɓoye nasu a rumbu da bayan danga. Uban Mani bai wahalar da kansa ba. Ya dubi 'ya'yansa, ya zaɓi wanda ko korar tsuntsu a gona ba ya iyawa saboda ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, ya miƙa. A Dogon Dutsi Mani ya sha bulala kan rashin zama, amma a can ya ga abin da ya tsaya masa a rai har tsufa. Ya ga mutum ɗaya a duniya wanda kai da kawowa shi ne aikinsa: malami, da alli a hannu, yana ratsa bencina, ya je bango ya dawo, ba mai ce masa ya zauna. Tun ranar ya san abin da yake so ya zama.

Ya samu takardar gama lakwal, aka ɗauke shi ƙaramin malami a wani ƙauye, tafiyar rabin yini daga Dumega. Yara suka riƙa kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a ƙasar, sunan ya bi shi har gida. Shekara bakwai rayuwarsa tana tafiya kamar an auna masa ita. Ruwan fari ya sauka, ya sheƙa gida ranar Alhamis da babu karatu ya yi shuka. Damina ta kankama, a rufe lakwal wata uku, ya rataye rigar aiki ya ɗauki hauya. Kafin a buɗe an kusa yankan hatsi. Bai taɓa tambayar wanda ya tsara haka ba. A ganinsa hutu da damina tare aka halicce su.

Bayan babban yaƙin Turawa aka turo malamai masu manyan takardu daga ƙasashen bakin teku. Ba a kori Mani ba. An karɓe masa aji, aka ba shi mabuɗin ɗakin ajiya da kula da lambun lakwal. Ya yi wata uku yana ban ruwan albasa, yana jin wani yana koyar da yaransa ta taga, har abin ya fi ƙarfinsa. Ya mayar da mabuɗi ya koma Dumega wurin matarsa Kubra.

Daga nan aka shiga shekarun wasiƙa. Duk inda ya ji an ce akwai makaranta a wata ƙasa, sai ya zauna, ko dai a ce ya durƙusa, ya rubuta. Kandi ta ƙasar Dahome suka amsa cewa su da ke aiko wa Nijar malamai ba su rasa malami ba. Fort Lami ba su amsa ba sam. Birnin Kebbi suka ce sai mai Ingilishi. Bai yarda ba, ya taka da ƙafa har Argungu, aka ba shi littafin Ingilishi ya karanta, ya karanta shi da harshen Faransa tun daga farko har ƙarshen shafi, babban malamin ya ba shi goro ya raka shi ƙofa cikin mutunci. Kowane mako biyu yana kan hanyar Dutsi don leƙa gidan waya. Ma'aikacin wurin ya kai ga girgiza masa kai tun daga nesa, don ya rage masa tafiya.

Cikin waɗannan shekaru ubansa ya rasu ya bar masa gona. Ba kowace gona ba ce. Tana gangaren fadama, ƙasarta baƙa, da itatuwan gawo bakwai a ciki, ko shekarar da ruwa ya yi rowa ba ta kunyata mai ita. Kakansu ne ya sare ta. Mani yana sonta, kada a yi masa ƙarya, ko da yake nomansa na gaggawa ne, yana barin ciyawa a gindin hatsi. Akwai kuma Tukur, ɗan wan ubansa, mai baki tara a gida da gonar tudu wadda yashi ya cinye. Tukur bai taɓa cewa komai ba. Idan ya bi ta gefen gonar dai yakan rage sauri.

Shekara ta biyar da fara wasiƙu, amsa ta zo ta inda bai rubuta ba. Abdu, wani ɗan garinsu mai zuwa cin rani Kumasi kowace shekara, ya dawo da saƙon baki. Wani attajiri a zangon Hausawa na can, Alhaji Mahmuda, ya buɗe makaranta don 'ya'yan fatake, yana neman mai koya musu Faransanci da lissafi, tunda cinikinsu yana kai su Wagadugu da Bobo. Mani ya tsare Abdu yini guda da tambaya. Yara nawa ne? Akwai bencina ko a ƙasa suke zama? Allon bango fa, na katako ne? Ana samun alli? Mutanen can suna cin hatsi? Ya tambayi komai har da irin ƙararrawar da ake bugawa. Abu ɗaya ne bai tambaya ba.

Kafin ya tashi, Ɗanmalam, ƙanen ubansa kuma babban gidan a lokacin, ya tara maza a zaure kan maganar gona.

"Mani," in ji tsohon, "in ba ka samu zuwa ba bana, Tukur shi noma ta. Aro na, shi kai ma matarka dami guda shaida. Amma in damana biyu sunka wuce ba a gan ka cikinta da hauya ba, ta zama ta Tukur da ɗiyanshi. Gaban mutane ni ka hwaɗi, kada wani shi ce bai ji ba."

Mani ya yi dariya, yana tsaye a bakin ƙofa. "Baba, ko guda ba ta wucewa. Lakwal dut inda take, da damana a ka ruhe ta. Kahin hatsi shi kai gwiwa ina nan."

Da ya shiga gida Kubra tana ɗaure masa garin hatsi a tsumma. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mushe, ka tambayi Abdu yaushe su ka hutu can?"

"Mi za ni tambaya? Wa ka karatu ruwa na zuba?"

Ta ƙara ƙulli ɗaya a bakin tsumman.

Bayan an gama kai hatsi rumbu suka kama hanya shi da Abdu. Yamai, Fada, Bawku, Tamale, jirgin fito a Yeji, kwana goma sha shida a bayan manyan motoci da jiran motoci. Sun shiga Kumasi a farkon Janairu. Mani ya zaci zai tarar da karatu ya yi nisa, tunda a gida wata uku ke nan da buɗe lakwal. Sai ya iske ranar ake rubuta sunayen sababbin yara, littattafai ko buɗe su ba a yi ba. Mai natsuwa da ya tsaya nan ya yi tunani. Mani ya ce sa'arsa ce, ya karɓi alli.

Yara arba'in da biyu aka ba shi, a ɗaki mai rufin kwano kusa da tashar motocin arewa. Nan fa mutum ya dawo cikin ransa. Yana shiga tsakanin bencina, yana juyawa, yana buga allo da yatsa, yara suna bin bakinsa. Cikin wata biyu 'ya'yan masu goro suna gaida iyayensu da Faransanci suna ba su haushi. Alhaji Mahmuda yakan tsaya a taga yana murmushi. Abdu ya rantse cewa ya ga Mani da idonsa zaune a kan tabarma yana cin abinci har ya gama, abin da ba wanda ya yarda da shi a Dumega. Murna yake yi, irin wadda bai taɓa yi ba.

A watan Maris ruwa ya sauka a Kumasi. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo aji, ƙafafun Mani suka fara ƙaiƙayi. Ya san a gida da saura, amma jikinsa bai san wannan ba. Zuwa ƙarshen Afrilu 'yan cin rani na Arewa suna ta ɗaure kaya, kowa yana son ruwan fari ya same shi a gona. Ya je wurin Alhaji a rumfarsa, ya gaishe shi, ya tambayi ranar da za a rufe makaranta don ya shirya.

"Rufewa?" in ji Alhaji. "Disamba, Malam. Akwai mako biyu a Agusta, ka huta."

"Damina fa, Alhaji?"

"Damina me ta yi? Nan ruwa kusan duk shekara yake zuba. In muka rufe don ruwa, yaushe za a yi karatu? Haka duk makarantun ƙasar nan suke."

Mani ya fita daga rumfar ya yi ta tafiya, bai san inda ya nufa ba, har ya tsinci kansa a bayan kasuwa cikin masu sayar da katako. Kunya ce ta fi damunsa, fiye da tsoro. Ya tuna dariyar da ya yi a zaure gaban dattawa. Mako biyu na Agusta ko Yamai ba za su kai shi su dawo da shi ba. Daga baya ya lallashi kansa: ai damina biyu aka ce, ɗaya tana hannunsa. Ya ba Abdu saƙo a gaya wa Tukur ya noma bana. Tukur ya noma, da kaka ya kai dami ɗaya ƙofar Kubra kamar yadda aka yi alkawari.

Hutun Disamba bai je gida ba. Ya ce zai nemo makarantar da ke hutu da damina, ya huta da wannan bala'i. Ya sauka Ankara a bakin teku, ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya, duk a Disamba suke hutu. Ya tsallaka Lome, ƙasar Faransawa, ya tarar hutunsu daidai da na gida, ya tarar kuma da masu takardun da suka fi tasa suna zaune a inuwa suna jiran aiki. Ya dawo Kumasi da takalmi a huje, ana gobe za a buɗe makaranta.

Abdu ya dawo cin rani da saƙon Kubra, ya faɗe shi yadda ta faɗa. "Ta ce in gaya maka Tukur ya kai taki gonar, jaki arba'in. Ta ce kai ka san mi wannan ka nuhi." Mani ya sani. Ba a zuba wa gonar aro taki haka.

Watannin da suka biyo ba su yi masa daɗi ba. A aji lafiya lau yake, da an tashi sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya sake zuwa wurin Alhaji a watan Mayu ya roƙi wata uku.

Alhaji bai yi fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Malam, ba zan riƙe ka ba. Amma ba zan riƙe maka aji ba. Akwai wani mutumin Togo, kowane wata sai ya zo ya gaishe ni, ka san ba don Allah kaɗai yake gaisuwar ba. In ka tafi, shi zan ba. Yara ba za su zauna wata uku suna kallon bango ba."

Ya yanke shawara sau goma ya warware. A ƙarshe, wata Litinin a farkon Yuni, ya ɗaure kayansa, da turmin atamfa da ya saya wa Kubra da fitilar ƙwai, ya yi wa Alhaji sallama cewa gobe ya kira ɗan Togo. Abdu ya jinkirta tafiyarsa saboda shi, ruwan fari ma ya riga ya wuce shi. Suka je tasha suka hau motar Bawku, aka ɗora kaya a sama aka ɗaure.

Motar ba ta tashi sai ta cika. Suka yini a ciki ranar Litinin, ba ta cika ba. Talata da safe saura mutum huɗu. Mani ya sauka ya zagaya motar, ya hau, ya sake sauka. Daga inda yake yana hango rufin makaranta. Ya ji an buga ƙararrawa. Ya san ɗan Togo ba zai iso ba sai Laraba, yara suna can ba kowa, kuma ranar Juma'a ya bar su a tsakiyar lissafin rabawa mai saura, ba su gane ba tukuna.

"Abdu, za ni in dawo. Awa guda."

"Mushe, zamna. Don Allah zamna, yau ɗai."

"Mutum huɗu ba su samuwa yanzu. In ta cika ka sa a busa mini."

Yara suka tashi tsaye da ya shigo, suna mamaki. Ya ɗauki alli ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bai kai rabin awa ba wasu mata huɗu masu kifi suka iso tasha tare. Ƙahon motar ya yi kuka, dogo. Mani ya ji. Ya sake yi, ya sake na uku, wanda ya fi tsawo, ya san Abdu ne yake roƙon direba. Tsakaninsa da tasha gudun da bai fi na ɗebo ruwa a rijiyar gari ba. Ya tsaya cak a tsakiyar aji da alli a hannu, yara suna kallonsa. Sai wata yarinya a bencin gaba, Sa'a, ta ce, "Malam, bakwai ɗin ina za a kai shi?" Ya juya ga allo ya nuna mata.

Kayansa suka tafi Dumega ba shi. Kubra ta karɓi atamfa da fitila daga hannun Abdu, ta saurari bayani, ta shigar da su ɗaki. A Kumasi kuwa motar Bawku ba ta ƙare ba, kusan kowace rana akwai wata. Alhaji ya sallami ɗan Togo da haƙuri. Mani ya riƙa cewa jibi, ya riƙa cewa mako mai zuwa, in ya bi ta tasha sai ya sauya hanya. Da Agusta ta shigo ya daina cewa komai. Ya san ba makara ya yi ba. Zaɓa ya yi, ya kuma rasa ƙarfin halin faɗa wa kansa sai da lokaci ya faɗa masa.

Ya yi shekara tara yana koyarwa a wannan ɗaki, Kubra ta bi shi can daga baya, yaran da ya koyar suka yi ciniki har Abijan da harshen da ya sa musu a baki. Bai taɓa cewa ya yi nadamar aji ba. Amma in ana hira aka zo kan gida, ba ranar mota yake ambata ba. Wata rana ce a Disamban shekarar da motar ta tafi ba shi, da ya je Dumega.

Ba wanda ya yi masa gori, da an yi da ya fi sauƙi. Ɗanmalam ya amsa gaisuwarsa ya tambayi hanya. Kubra ta kawo ruwa, ta kawo fura. Da ya zagaya gidan ya ga dangar bayan ɗakinta ta faɗi tun damina, awaki suna shiga har wurin turmi. Ya ji daɗin samun abin yi. Ya ɗauki igiya ya ce zai je gona ya ɗebo kara ya gyara kafin azahar.

"Wace gona?" in ji Kubra.

Ya tsaya da igiyar a hannu.

"Karan na da mai shi, Mushe. Sai ka tambaya."

Ya so ya ajiye igiyar. Amma danga tana ƙasa, kuma ba shi da wata gonar. Ya fita ya bi hanyar fadama. Tun daga nesa ya ga gawo bakwai sun yi ganye, kara a tsaye mai kauri irin wanda bai taɓa samu ba a nasa noman. Tukur yana ciki da manyan 'ya'yansa biyu suna tara kara. Da ya hango shi ya bar aiki ya taho, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi Kumasi, ya tambayi yaran makaranta. Ba mugunta a fuskarsa, ba kunya kuma. Sannan idonsa ya sauka a kan igiyar.

Mani ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A nan ubansa ya koya masa riƙon hauya. 

"Dangarmu ta hwaɗi," ya ce. "Ko ka taimaka mini da kara kaɗan."

"Haba Mushe, ɗebi. Ɗebi iyakar abin da ka ka so." Tukur ya juya ya nuna gefen gabas. "Na can ya hi kauri. Wanga na nan na yi ma wani alkawari."

Mani ya tafi inda aka nuna masa. Ya tara kara, ya ɗaure, ɗaya daga 'ya'yan Tukur ya taimaka ya ɗora masa a ka. Ya kai bakin gona sannan ya tuna bai faɗi abin da ake faɗa ba. Ya juyo da kayan a kansa.

"Na gode, Tukur. Allah shi ƙara ma gonarka albarka."

"Amin," in ji Tukur, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.